Seleri da Hawan Jini: Iyakar Amfaninsa da Yadda Ya Kamata a Ci Shi

Seleri tsiro ne mai ƙamshi daga dangin karas da fasili, wanda asalinsa ƙasashen da ke kewaye da Bahar Rum ne, inda yake fitowa da kansa a fadamu da wurare masu damshi kusa da gaɓar teku. Mutanen da sun san shi tun kafin ya zama kayan miya, domin an sami ganyensa a cikin furannin da aka yi wa gawar Fir'auna Tutankhamun ado da su a Masar fiye da shekara 3,000 da suka wuce, kuma sai a wajajen ƙarni na 16 da na 17 ne manoman Italiya da Faransa suka yi ta zaɓen iri har suka rage masa ɗaci, suka fitar da mai kaurin kara da ake ci ɗanye a Turai da Amurka. Wanda aka fi gani a kasuwannin Afirka ta Yamma shi ne mai siririn kara da yalwar ganye, wanda ya fi wancan ƙarfin ƙamshi, kuma da yake tsiron ba ya son zafi, ya fi yin kyau a wurare masu sanyi irin su tsaunukan Jos, ko a lambunan rani lokacin hunturu.

Matsalar da ta sa ake yawan tambaya a kansa ta taso ne a 'yan shekarun nan, musamman daga wajajen 2018, lokacin da al'adar shan tataccen ruwan seleri da sassafe, kafin a karya kumallo, ta bazu daga Amurka zuwa sauran duniya ta kafafen sada zumunta. Masu yayata ta suna cewa kusan rabin lita a kowace safiya yana wanke hanta, yana narkar da teɓa, yana kuma warkar da hawan jini, alhali wanda ya fi kowa tallata ta ba likita ba ne, kuma babu wani gwaji na asibiti da ya tabbatar da waɗannan maganganu. Haɗarin yana kan mai hawan jini, wanda ya gaji da haɗiyar ƙwaya kullum, ya ji an ce ga ganye mai sauƙi, sai ya ajiye maganinsa. Hawan jini, wato yanayin da ƙarfin bugun jini a jikin jijiyoyi yake tsayawa a kan 140/90 ko sama da haka, ciwo ne da sau da yawa ba ya nuna alama har sai ya taɓa zuciya ko ƙoda ko ya jawo shanyewar ɓarin jiki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa manya kusan biliyan 1.3 ne ke ɗauke da shi, kusan rabinsu ba su sani ba. Saboda haka jin sauƙi a jiki bayan an bar magani ba ya nuna cewa jinin ya sauka.

Idan aka auna giram 100 na ɗanyen seleri, kimanin kashi 95 cikin ɗari ruwa ne, ƙarfin da yake bai wa jiki bai wuce kalori 14 zuwa 16 ba, yana kuma ɗauke da giram 1.6 na faiba, wato zaren tsiro da ciki ba ya narkarwa amma yake tausasa bayan gida, yake kuma ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanji. Akwai fotasiyam kimanin miligiram 260, wanda shi ne sinadarin da ke taimaka wa ƙoda ta fitar da rarar gishiri ta fitsari, akwai sodiyam kimanin miligiram 80, wanda ya yi yawa idan aka kwatanta da na sauran ganyaye, sannan akwai bitamin K kimanin maikirogiram 29, wato tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da kashi ɗaya cikin uku na abin da babban mutum ke buƙata a rana domin daskarewar jini a kan rauni da ƙarfin ƙashi. Waɗannan alkaluma suna nuna ganye mai amfani, amma ba gagarabadau ba, domin ta fuskar sinadarin ƙarfe da bitamin A, zogale da alayyahu sun yi masa nisa, ga su kuma da araha.

Maganar saukar da jini tana da tushe, sai dai an ɗora wa tushen ginin da ya fi ƙarfinsa. Ƙamshin seleri yana fitowa ne daga wasu sinadarai da ake kira ftalaid, kuma a farkon shekarun 1990 masu bincike a Jami'ar Chicago sun ware ɗaya daga cikinsu, suka ba ɓeraye, suka ga jininsu ya sauka, abin da aka danganta da sassautawar tsokar da ke zagaye da jijiyoyin jini. Daga baya an haɗa irin wannan sinadari a masana'anta, har ƙasar Sin ta amince da shi a 2002 a matsayin maganin shanyewar ɓarin jiki da toshewar jijiya ke haddasawa. Bugu da ƙari seleri yana cikin ganyaye masu yawan naitiret, wanda ƙwayoyin halittar da ke baki suke fara sauyawa, jiki kuma ya ƙarasa mayar da shi wata iska mai buɗa jijiyoyi. Amma abin da aka ba ɓeraye tsantsar sinadari ne da aka auna, gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane kuma ƙanana ne, na 'yan makonni, mafi yawansu da tataccen sinadarin ƙwayar irin seleri aka yi su, wanda ƙarfinsa ya bambanta ƙwarai da na ganyen da ake yankawa a miya. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta tsarin abinci gaba ɗaya, kamar yadda gwajin DASH da aka wallafa a Amurka a 1997 ya nuna, cewa yawaita ganyaye da 'ya'yan itace tare da rage kitse yana saukar da jini cikin makonni, kuma babu wani ganye guda da aka keɓe a cikinsa.

Shi kuwa tataccen ruwan, lissafi kaɗai ya isa ya nuna rauninsa. Idan aka niƙa rabin kilo a bilanda aka tace, an zubar da mafi yawan faiba a cikin tuƙar, an kuma shanye sodiyam da ya doshi miligiram 400, wato kashi ɗaya cikin biyar na miligiram 2,000 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin iyakar rana, tun ba a ɗora tukunya ba. Batun wanke hanta kuma ba shi da ma'ana a ilimin jiki, tunda tace dafi aikin hanta da ƙoda ne dare da rana, kuma idan sun gaza ba ruwan ganye ne zai tashe su ba. Haka nan zancen cewa narkar da seleri yana cin ƙarfin da ya fi wanda yake bayarwa bai tabbata ba. Gaskiyar ita ce yana cika ciki da ɗan kalori kaɗan, wanda hakan yana taimaka wa mai son rage ƙiba idan ya maye gurbin cincin ko soyayyen abu da shi.

Babban amfanin seleri ga mai hawan jini yana cikin kicin ne. Iyakar gishirin da aka shawarta wa babban mutum a rana ita ce ƙasa da giram 5, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, amma a gidaje da yawa ana zuba gishiri, a murmushe dunƙule uku ko huɗu waɗanda kusan rabin nauyinsu gishiri ne, sannan a jefa kanwa, wadda ita ma sodiyam ce ke cikinta. Da yake seleri yana da ƙamshi mai ratsa romo da ɗan gishiri-gishiri na halitta, mai girki na iya yanka karan ƙanana ta soya tare da albasa da tafarnuwa da citta tun farkon sanwa, ta ajiye ganyen sai an kusa sauke farfesu ko dafa-duka ta watsa a kai ta rufe na minti biyu, domin daɗewa a wuta yana kore ƙamshin, yana kuma lalata bitamin C da folet. Da wannan dabara, haɗe da daddawa, ana iya rage dunƙule sannu a hankali, ɗaya bayan ɗaya, har harshe ya saba cikin 'yan makonni ba tare da mutanen gida sun yi ƙorafin lami ba. Kara biyu ko uku a rana, a miya ko a kwaɗo ko a salak, sun wadatar, kuma a lissafa su cikin giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itace da ake so mutum ya ci kullum.

Tsafta tana da muhimmanci musamman ga wanda zai ci ɗanye, domin ƙasa tana maƙalewa a cikin kwarmin gindin kowane kara, inda kurkurawa sama-sama ba ta kaiwa, wasu lambunan gefen gari kuma da ruwan kwata ake yi musu ban ruwa. Ya kamata a ɓalle karan ɗaya-ɗaya, a yanke gindin, a cuɗa kwarmin da yatsa a cikin ruwa mai tsabta har sau biyu ko uku, kuma idan ana shakkar inda aka noma shi, dafawa ta fi.

Akwai waɗanda taka-tsantsan ya wajaba a kansu. Mai shan warfarin, wato maganin da ke hana jini gudaji, bai kamata ya ƙara ko ya rage cin ganyaye masu bitamin K farat ɗaya ba, domin bitamin ɗin yana rage ƙarfin maganin, kuma abin da ake so shi ne ci daidai gwargwado kullum tare da sanar da likita. Mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, musamman wanda ake yi wa wankin ƙoda, ya nisanci tataccen ruwan, saboda rabin kilo yana ɗauke da fotasiyam kusan miligiram 1,300, kuma taruwarsa a jini tana iya rikita bugun zuciya. Mai juna biyu tana iya cin sa a abinci, amma ta guji ƙwayar irin da man da ake tatsa daga gare ta a matsayin magani. Wasu mutane jikinsu ba ya karɓar seleri ko kaɗan, har Tarayyar Turai ta sa shi cikin abubuwa 14 da dole a bayyana a jikin kwalin abinci, don haka ƙaiƙayin baki ko kumburin leɓe ko borin jini bayan cin sa dalili ne na dainawa, sarƙewar numfashi kuma dalili ne na garzayawa asibiti nan take. Manoma da 'yan kasuwar da ke wuni suna taɓa shi su riƙa wanke hannu, domin ruwansa yana ɗauke da wani sinadari da ke ƙona fata ya bar baƙin tabo idan rana ta doke wurin.

Mai hawan jini da ya gyara abincinsa ta wannan hanya zai ci gaba da shan maganinsa kamar yadda aka rubuta masa, ya riƙa auna jininsa a zaune bayan hutun minti biyar, a lokaci guda na yini, yana rubuta sakamakon da kwanan wata a ɗan littafi. Idan alkaluman sun nuna sauka mai ɗorewa na tsawon makonni, wannan littafin ne zai kai wa likita, shi kuma likitan ya duba ko akwai damar rage yawan ƙwayar ko sauya ta.