Idan Ɗalibinka Ɗan Sin Ya Ce "Not Bad"

Malam mai koya wa 'yan Sin Turanci, ka sa ido a kan kalmar bucuo. A Mandarin yabo ne sosai, ko da yake asalin ma'anarta "ba kuskure". Ɗalibi kan mayar da ita "not bad", sai Bature ya ji kamar an ce masa "ba laifi" kawai. Koya masa "excellent" da "impressive".

"Advantage" kuma ita ce youshi a Mandarin, fifiko a kan abokin gasa; haochu kuwa amfani ne, wato "benefit". Wurin tuntuɓe shi ne "take advantage of". In dama ce aka ribata, madalla. In mutum ne, ci da guminsa ake nufi. Kada ɗalibi ya kuskura ya rubuta wa maigidansa haka!

"Approve" sa hannun hukuma ne. "Approve of" kuwa yarda ce ta zuci, kamar uwa ta yi na'am da surukinta.