Nasiha Da Ɗabi'ar Muridi: Darasi Ga Muƙaddamai

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, sau da yawa muƙaddami yakan yi wa muridai biyu nasiha iri ɗaya, ɗaya ya gyaru, ɗaya kuma a daina ganinsa a wazifa. Sai a ce shaiɗan ne ya ja shi. Wani lokaci haka ne. Wani lokaci kuwa an ba shi maganin da ba nasa ba ne.

Wannan bambantawa tana da asali a Sunna. Annabi (SAW) ya karɓi dukiyar Sayyidina Abubakar (RA) gaba ɗaya, amma da Ka'abu ɗan Maliku (RA) ya so ya sadaukar da duk tasa bayan an karɓi tubarsa, sai aka umarce shi ya riƙe wani abu. Abu Zarri (RA) kuma, duk da girman zuhudunsa, an hana shi neman shugabanci saboda an ga rauni a tare da shi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya yi bayanin wannan a cikin Ihya'u, inda ya kwatanta shehi da likita: wanda ya ba duk majinyata magani guda zai halaka mafi yawansu. Don haka sai an dubi ciwon muridi, da shekarunsa, da abin da jikinsa da zuciyarsa za su iya ɗauka.

A ɗauki misali a nan Maraɗi. Ga ɗan kasuwa da ya saba hanyar Ɗan Isa da Jibiya, yana da yara a ƙarƙashinsa, kullum shi ke ba da umarni. Idan aka tsawata masa a gaban jama'a kan jinkirin lazimi, ba lazimin zai ji ba, kunyar da aka ba shi zai ji. Irin wannan ana keɓe shi ne, a tambaye shi yadda yake ganin zai tsara safiyarsa, a bar shi ya furta gyaran da bakinsa. Masana halayyar ɗan Adam ma sun lura da haka. A 1966 wani Ba'amurke, Jack Brehm, ya bayyana yadda mutum ke bijirewa idan ya ji ana ƙwace masa zaɓi, daga baya kuma binciken Larry Beutler ya nuna cewa masu wannan hali sun fi amfana da mai ba da shawara da ba ya yawan umarni.

To amma ga wani, a ce manomi ne daga gonakin ban ruwa na Jiratawa, mai sanyin hali, mai jin nauyin malamai. Shi idan aka ce masa “yi yadda ka gani”, ɗimuwa zai yi. Abin da yake buƙata a faɗa masa a fili: lokaci kaza, adadi kaza, ka dawo ranar Juma'a. Sai dai a kula, “to, Malam” ɗinsa ba kullum take nufin ya fahimta ba. Kunya ce take amsawa.

Wanda ya fi wuya shi ne mai waswasi. Yana maimaita alwala, yana sake ƙirga carbi, yana tsoron wuridinsa ya ɓaci. Muƙaddamin da ya ƙara masa wa'azin tsoratarwa, da niyyar alheri, ya zuba wa wuta mai. Wannan bushara yake buƙata, da hukunci guda da zai tsaya a kai, a kuma hana shi maimaitawa. Idan abin ya kai ga rashin barci, ko ƙin abinci, ko maganar gajiya da rayuwa, a haɗa addu'a da asibiti, a sanar da iyalinsa cikin sirri. Jinkiri a nan yana iya jawo asarar rai.

Ba a sanin ɗabi'a a zama ɗaya, kuma ba a saninta ta garin mutum. Kada a ce wannan Bagobirin Tibiri ne, saboda haka zuciya gare shi, ko wancan Bakatsine ne, zai yi laushi. Ana gane muridi a wajen hidima, da lokacin rabon abinci a mauludi, da ranar da aka manta ba a gaishe shi ba. Muƙaddamin da bai zauna da mutum ya ga waɗannan ba, ya fara da saurare, ya jinkirta tsawa zuwa wani zama.