DARASI: YARON DA YA GA TASHIN HANKALI

'Yan'uwa, ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi ta sha wuya a hannun 'yan bindiga. A ranar 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A watan Mayu, 2021, aka kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi. A watan Oktoba, 2023, aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Bayan kowane hari akwai yara da suka gani, suka ji, ba wanda ya tambaye su yadda suke.

Alamomi

Yaro ba ya iya faɗin tsoronsa da baki, sai jikinsa ya faɗa. Wanda ya daina fitsarin kwance yakan koma yi. Wani yakan firgita cikin barci, ko ya ruga ɗaki in ya ji ƙarar babur. Mai surutu yakan yi shiru, mai haƙuri ya zama mafaɗaci. Wannan duka rauni ne na zuci, kuma bulala ƙara shi take yi.

Abin da za mu yi

Na ɗaya, a maido masa da abin da ya saba: lokacin cin tuwo, lokacin barci, zuwa makaranta. Sabo ne ke koya wa zuciya cewa gari ya lafa.

Na biyu, kada a tilasta masa ba da labari. In ya fara da kansa, a saurara. In ya tambayi ina babansa, a gaya masa gaskiya daidai hankalinsa, domin ƙarya tana rushe amana.

Na uku, a daina kallon hotunan gawawwaki a waya a gabansa.

Na huɗu, yarinyar da ta dawo daga daji ba ta yi laifi ba. Kada a yi mata gori, kada a nuna ta.

Na biyar, a kula da uwa, domin hankalinta ne yaro ke jingina da shi. Zumuntar Mata su ziyarce ta, Kirista ce ko Musulma.

In alamun suka wuce wata guda ba sauƙi, ko yaro ya ambaci kashe kansa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Tambaya don tattaunawa

Wane gida ne a unguwarku ya karɓi waɗanda suka gudo, kuma wa zai ziyarce su a wannan mako?