Amsoshin Tambayoyinku: Yaron da Ya Daina Cin Abinci

Wata baiwar Allah daga Tudun Wadan Jos ta ce ɗanta mai jinkirin fahimta ya daina cin tuwo, yana buga kansa da bango, maƙwabta na cewa iskoki ne.

Hajiya, sannu da haƙuri. Yaron da bakinsa bai iya faɗin ciwo ba, da jikinsa yake faɗa. A fara duba haƙori, kunne da taurin bayan gida, don sau da yawa nan matsalar take. In ba a ga komai ba, ki kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Irin waɗannan yara ma damuwa na kama su. Ki riƙa rubuta barcinsa, cinsa da lokacin da abin ke tasowa, ki tafi wa likita da takardar. Ɗaure shi kuwa, kada ki yarda.