Sarrafa Kwamfuta Daga Nesa: Bayani Ga Hakimai Da Magatakardansu

An shirya wannan darasi ne domin Hakimai da magatakardansu, da sauran malaman da aka danƙa wa takardun gunduma. Tun shekarar 2001, da wayar salula ta fara bazuwa a Nijeriya, saƙon da a da sai an ɗaura wa doki sirdi ko an tashi ɗan aike a kan keke, ya koma aikin minti guda. Yanzu kuwa al'amarin ya wuce magana da aika saƙo. Mutum ya kan zauna a wani gari da waya a hannu, ya buɗe kwamfutar ofishinsa, ya karanta abin da ke ciki, ya gyara, alhali ƙofar ofishin tana kulle. Wannan shi a ke kira sarrafawa daga nesa. Abu ne mai amfani ƙwarai, amma fa wanda aka ba wannan dama daidai ya ke da wanda aka miƙa wa mabuɗin ofis da hatimin Hakimi gaba ɗaya. Saboda haka ya wajaba shugaba ya fahimci abin kafin ya yarda a kafa shi.

Alal misali, a ce an kira Hakimi fada a kan rikicin iyakar gona tsakanin dagatai biyu, ya iso birni, sai ya tuna takardar tsohon sulhu tana cikin kwamfutar ofis, mil 40 daga nan. In an riga an haɗa wayar magatakarda da wannan kwamfuta, zai fito da takardar tun kafin Majalisa ta zauna. In ba a haɗa ba, sai a ɗage shari'a, masu ƙara su koma gida da ɓacin rai.

Ko wace na'ura da harshenta

Cikin ko wace waya da ko wace kwamfuta akwai wata babbar manhaja wadda ke tafiyar da sauran, ita ke raba aiki, ita ke ba da izini, kamar matsayin Waziri a fada. A nan za a kira ta uwar manhaja. Waɗannan iyaye kuwa ba gida ɗaya suka fito ba. Kamfanin Microsoft na Amurka ya fito da Windows a 1985, ita ce a yawancin kwamfutocin ofis. Kamfanin Apple yana da tasa ta kwamfutar Mac, da wata ta wayar iPhone wadda ta fito a 2007. Akwai Linux, wadda wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya soma a 1991, kyauta a ke samunta. Sa'an nan ga Android ta kamfanin Google, wadda wayarta ta fari ta shiga kasuwa a 2008, ita ce a hannun mafi yawan mutane. Manhajar da aka rubuta domin ɗaya ba ta aiki a kan ɗaya. To, ta yaya wayar Android za ta umurci kwamfutar Windows, tun da ba su jin harshen juna?

Dabarar mutanen Kambirij

Amsar da ta fi sauƙin fahimta ta fito ne daga birnin Kambirij na Ingila, a wani gidan bincike da kamfanin Olivetti ya kafa. Masanan wurin suka sake ta ga jama'a kyauta a 1998, da sunan VNC. Abin da suka lura da shi shi ne, ba lalle ba ne na'urorin biyu su san sirrin cikin juna. Ai mutumin da ke zaune gaban kwamfuta ma bai san abin da ke gudana a cikinta ba. Abu uku kaɗai ke tsakaninsu: yana kallon fuskarta, yana danna haruffa, yana motsa linzami. Sai suka ce, to, a aika waɗannan uku kawai.

Watau kwamfutar da ke ofis ta kan ɗauki hoton fuskarta ta aika wa waya. Ita kuma waya ta kan mayar da labari cewa an taɓa wuri kaza, an danna harafi kaza. Kwamfuta ta aikata kamar mai ita ne ke zaune, fuskarta ta sāke, ta sake aika hoto. Domin a rage nauyi, ba a aika hoton duka ko wane lokaci, sai ɗan yankin da ya canja. In magatakarda ya rubuta kalma guda, gurbin wannan kalma kaɗai zai bi hanya. Tun da hoto hoto ne a ko ina, harafi kuma harafi ne, babu ruwan dabarar da ko wace uwar manhaja ce a wannan gefe ko wancan. Kamar fatake ne biyu da ba su jin yaren juna, amma sun yarda da mudu ɗaya.

Daga nan mai karatu zai gane abubuwa biyu da kan ruɗa mutane. Na ɗaya, takardar ba ta baro ofis ba, hotonta ne ke zuwa, aikin duka a can a ke yinsa. Na biyu, tilas kwamfutar ta kasance a kunne, kuma a haɗe da intanet. In aka ɗauke wuta, ko data ta ƙare, wayar da ke birni ba ta da abin da za ta umurta. A gundumar da lantarki ba ya zama, wannan shi ne babban cikas, ya kamata a yi lissafinsa tun kafin a kashe kuɗi.

A shekarar 1998 ɗin dai Microsoft ya fito da tasa hanya, mai suna Remote Desktop. Akwai bambanci guda da ya shafi Hakimi. A VNC, wanda ke tsaye a ofis yana ganin linzami na yawo, yana ganin duk abin da na nesa ke yi. A ta Microsoft kuwa, da na nesa ya shiga sai fuskar kwamfutar ofis ta kulle, na kusa ba ya ganin kome. Har wa yau, Windows mai lakabin Home ba ta karɓar baƙo ta wannan hanya, sai mai lakabin Pro ko sama da ita.

Daga baya wasu kamfanoni suka sauƙaƙa abin: TeamViewer a Jamus a 2005, Chrome Remote Desktop na Google a 2011, AnyDesk a Jamus kuma a 2014. Su waɗannan dillanci su ke yi. Ko wace na'ura ta kan kai sunanta wurin babbar kwamfutar kamfani, shi kuma ya sada su, ko da ɗaya tana Sakkwato ɗaya tana Makka.

In na'urorin suna ɗaki ɗaya

Ba kullum a ke bukatar nisa ba. Sau da yawa hoton gona ne aka ɗauka da waya a ke so ya shiga kwamfuta. Igiyar caji ta isa wannan tsakanin Android da Windows, muddin an zaɓi aika fayil a kan wayar. IPhone kuwa hotuna kaɗai ta kan nuna ta igiya. Akwai kuma Bluetooth, wadda kamfanoni biyar, Ericsson da Nokia da Intel da IBM da Toshiba, suka haɗu a kanta a 1998. Sunan wani sarkin Denmak ne na ƙarni na 10, Harald, wanda ya haɗa kan ƙabilun ƙasarsa. Ba ta wuce kamar yadi 10 a yawancin wayoyi, tana da nawa, kuma iPhone ba ta aika wa Android fayil ta cikinta.

Wadda ta cancanci a dube ta da kyau ita ce KDE Connect, wadda Albert Vaca, mutumin Sifen, ya fara a 2013. Kyauta ce, tana aiki a Linux da Windows da Mac da Android, har da iPhone, ko da ya ke a nan aikinta ragagge ne. Ba ta bi ta hannun dillali, na'urorin biyu su kan yi magana kai tsaye in suna kan Wi-Fi ɗaya. Da ita waya ta kan zama linzamin kwamfuta, ko abin juya shafi sa'ad da a ke yi wa taro bayani, saƙon waya ya bayyana a fuskar kwamfuta, har in waya ta ɓace cikin tarin takardu a sa ta yi ƙara. Kafin su fara aiki sai ɗaya ta nemi izini ɗaya ta amsa, sau ɗaya tak, daga nan sun san juna ke nan.

Abin lura, hanyar ba daidai ta ke gaba da baya ba. Ko wace waya tana iya sarrafa kwamfuta, amma ba ko wace waya kwamfuta ke iya sarrafawa ba. Android ta kan yarda in mai ita ya ba da izini. Apple kuwa bai bar manhajar wani kamfani ta juya iPhone ba, iyakarta kallo. A 2024 ya buɗe wannan ƙofa, amma ga kwamfutarsa ta Mac.

Inda haɗarin ya ke

Ɓarayin wannan zamani ba su cika fasa ƙofa ba, sallama su ke yi a buɗe musu. A watan Fabrairu na 2019 Babban Bankin Indiya ya gargaɗi bankunan ƙasar a kan wata zamba. Mutum ya kan bugo waya ya ce shi ma'aikacin banki ne, ya lallashi mai asusu ya sa AnyDesk a wayarsa, ya karanto masa lamba mai alƙaluma 9, ya danna amincewa. Daga nan sai ɓarawo ya riƙa ganin duk abin da ya bayyana a wayar, har lambobin sirrin da banki ke aikowa, ya kwashe kuɗi. Manhajar ba ta yi laifi ba, abin da aka gina ta dominsa ta yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa a nan harshen mai waya ne.

Ofishin Hakimi ya fi asusun mutum ɗaya nauyi. A ciki akwai takardun filaye da na gado, da shaidar zama ɗan ƙasa, da wasiƙun sirri tsakanin Hakimi da Sarki. Wanda ya shiga daga nesa yana iya sauya suna a takardar fili, ko ya rubuta wasiƙa da sunan Hakimi, ba wanda ya ga shigarsa. Don haka kada magatakarda ya karanta wa kowa lambar shiga saboda kiran da bai nema ba, ko da mai kiran ya ce daga Hedkwata ya ke. Sai ya kashe, ya nemi ofishin ta lambar da ya sani tun da.

Ya kamata kuma a rarrabe izini iri biyu. Akwai na zama ɗaya, inda sai wani a ofis ya danna amincewa, kuma kalmar sirrin ta mutu da an tashi. Wannan shi ya dace da mai gyara, kuma a zauna a kalli abin da ya ke yi har ya gama. Akwai na dindindin, inda mai kalmar sirri ke shiga dare ko rana ba tare da an tambayi kowa ba. Wannan bai kamata ya wuce mutum ɗaya ko biyu ba, da sanin Hakimi, a rubuce cikin littafin ofis, da suna da rana da irin na'urar.

Ran da magatakarda ya tashi

Al'ada ce in an yi wa malami canjin wurin aiki ya miƙa mabuɗai da littattafai. Amma wayarsa tasa ce, da ita zai tafi, kuma in ba a yanke haɗin ba ofishin yana cikin aljihunsa. A ranar miƙa aiki, sabon magatakarda ya buɗe ko wace manhaja a gaban Hakimi, ya duba jerin na'urorin da aka amince da su, ya cire ta wanda ya tashi, ya sauya kalmar sirri. Haka za a yi nan take in waya ta ɓace. Kada a manta da WhatsApp, domin tun 2015 a ke iya buɗe shi a kwamfuta, kuma asusu ɗaya yana ɗaukar ƙarin na'urori har 4. Duk wanda ya riƙe wayar Hakimi na minti ɗaya a buɗe, kuma ya san lambar buɗe ta, yana iya haɗa tasa kwamfutar, ya yi ta karanta saƙonni. Jerin yana cikin wayar, a wurin na'urorin da aka haɗa, kuma kowace da ranar da aka yi amfani da ita ta ƙarshe. Wadda Hakimi bai gane ba, a danna ta a fitar da ita.