Daren Sanyi a Makka: Abin da Za a Sha da Abin da Za a Karanta

Wanda ya san hunturun Kano ko na Maraɗi ba zai kira abin da ake yi a Makka sanyi ba. A watan Janairu ma awon zafin dare bai cika sauka ƙasa da digiri 18 ba, sai dai in mutum ya hau Ɗa'ifa. Amma dare yana tsawo. A Disamba ana kiran Magariba kafin ƙarfe shida, Isha'i ta biyo bayan awa ɗaya da rabi kamar yadda kalandar Ummul Ƙura ta tsara, kafin takwas an idar an koma gida. Daga nan zuwa barci akwai lokaci mai yawa, kuma a gidajenmu na Misfala da Shari'u Mansur da Hindawiyya waya ce take cinye shi, kowa da tasa.

Shawarata ita ce a ware dare biyu a mako, a dafa abin sha mai zafi, mutum ɗaya ya ɗauki littafi ya karanta da ƙarfi kowa yana ji. Na nace a kan karatu da ƙarfi saboda yaranmu da aka haifa a nan. Da yawansu suna jin Hausa, suna karanta Larabci tiryan-tiryan, amma in aka miƙa musu Hausar boko sai su tsaya. Ta kunne za a fara kama su.

Don haka a fara da Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. Littafin kansa hirar dare ce: aku ne yake ba Musa ɗan sarki labari bayan labari don ya hana shi fita har gari ya waye. Labaran gajeru ne, ɗaya ya isa zama guda. Mai karatu kada ya yi sauri. Ya sauya murya in sarki ne ke magana, ya sauya in wawa ne, in kuma an zo kan kalmar da yara ba su sani ba a tsaya a tambayi Hajiya ko Baba, domin a nan ne tsofaffi suke buɗe baki, sai ka ji labarin ƙauyen da aka baro ya fito. In an gama, Ruwan Bagaja na nan, shi ma na Imam ne, ya fi kuma ban dariya.

Ga manya da samari, ba ni da kamar Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933. Labarin yaro ne da aka raba da uwarsa aka ƙetara da shi hamada, uwar kuma ta bi sawunsa. Gidan da kakanninsa suka taho ta Chadi da Sudan a ƙafa, wasu tun bayan yaƙin Burmi na 1903, suka shekara a hanya suna noma kafin su ƙetare Bahar Maliya, zai ji wannan littafi fiye da yadda za a ji shi a aji. Kada a karanta shi a daren da ake son raha.

Wanda ya fi sakewa da Larabci ya ɗauki Ar-Rahiƙul Makhtum na Safiyur Rahman Mubarakfuri, wanda ya zo na ɗaya a gasar Sira ta ƙungiyar Rabiɗa. Zaman Makka yana ba wannan karatu wani armashi: a karanta babin Kogon Hira da dare, in an samu sarari ranar Asabar a kai yara gindin Jabalun Nur su ga wurin da idonsu.

Littattafan Larabci ba wuya, shagunan Aziziyya cike suke. Na Hausa ne sai an yi dabara. Lokacin sanyi lokacin Umara ne, kullum baƙi na sauka daga Kano da Sakkwato da Yamai. Mun saba cewa a taho mana da daddawa da kuka da yaji. A ƙara da littafi ɗaya, bai kai nauyin ƙullin kuka ba. In ya zo kada ya kwanta a gida ɗaya. Gidaje huɗu ko biyar su haɗa kai, a rubuta sunan mai shi a bangon ciki, a sa mako biyu a karɓa a miƙa gaba. Aron da ba a sa masa rana ba shi ne yake ɓata zumunci. Mai miƙawa kuma ya faɗi dalilin da ya sa littafin ya burge shi, ko da jimla biyu ce, don shi ne yake sa na gaba ya buɗe.

Sai abin sha. Gahawa da hel da dabino ta baƙo ce, ba a raina ta, amma bayan Isha'i tana hana barci, ga kuma Asuba. A bar ta sai daren Juma'a. Abin da na fi so wa mai karatu shi ne citta: a daka ɗanya, a tafasa da kirfa da kanumfari biyu ko uku na minti goma, a sauke, sai ta ɗan huce a sa zuma. Tana buɗe maƙogwaro, murya ba ta dushewa. Mai gyambon ciki ya rage cittar, ko ya koma yansun ko na'ana'ar Madina ba tare da ganyen shayi ba.

Yara kuwa a yi musu gahawar lauz ta mutanen Hijaz, wadda babu ko ƙwayar gahawa a cikinta. Madara ce da niƙaƙƙen lauz da ɗan garin shinkafa da sukari da hel. A dama garin da madara mai sanyi tukuna don kada ya yi gudaji, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har ya yi kauri. 'Yar uwar kunun gyaɗa ce, duk wadda ta iya ɗaya ta iya ɗayar. Ranar da lauz ya yi tsada a koma kunun gyaɗar, a matsa lemon tsami ko ruwan tsamiya bayan an sauke. Masu ciwon sukari a ɗebar musu nasu kafin a zuba sukari.

A zuba komai a fulas tun kafin a zauna, don kada uwar gida ta yi ta kai da kawo a kicin labari yana wuce ta. Rabin awa ya isa a daren farko, a kuma rufe littafin daidai inda yara suke cewa a ci gaba.