Yadda Noti Ke Shanye Jijjigar Ƙarfe

Idan mutum ya sami taɓin hankali, Hausawa kan ce notinsa ya kwance. Wannan magana tana da tushe a kimiyya, domin noti ɗaya da ya kwance yana iya jawo asarar dukiya har da rayuka.

Duk mai zama a Darmanawa ko Gyadi-Gyadi ya san yadda ƙasa ke jijjiga idan tirela ta bi titin Zariya da kaya. Haka kuma janareta da injin markaɗe suke yi a cikin unguwa. Jijjigar nan takan bi ƙasa ta shiga ƙarafan da ke ɗauke da tankunan ruwa da allunan talla. Tambaya a nan ita ce, ina take zuwa bayan motar ta wuce?

Amsar tana wurin mahaɗar ƙarafan. Idan aka haɗa ƙarfe biyu da noti, fuskokinsu na manne da juna, amma ba su zama abu ɗaya ba. Da jijjiga ta iso, sai gefunan mahaɗar su riƙa gugar juna kaɗan-kaɗan, ta yadda ido ba ya gani. Gugar nan ce ke mayar da ƙarfin jijjiga ya koma ɗumi, kamar yadda tafin hannu ke ɗumama idan an murza shi lokacin hunturu. Shi ya sa ƙarafan da aka ɗaure da noti suka fi waɗanda aka yi wa walda saurin daina rawa. A jikin ɗan Adam ma, faifan guringuntsi da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya ne ke rage girgizar tafiya, ko da yake shi ta hanyar lotsawa yake aikinsa.

Sai dai fa gugar tana da iyaka. A shekarar 1969 wani injiniya ɗan ƙasar Jamus mai suna Gerhard Junker ya nuna cewa jijjigar da ke tura ƙarafa gefe da gefe ita ce ta fi saurin kwance noti. Muddin ɗaurin bai yi ƙarfi ba, mahaɗar gaba ɗaya za ta zame, notin ya riƙa juyawa har ya faɗi. A ranar 10 ga Mayu, 2002, jirgin ƙasa ya kauce daga layin dogo a Potters Bar ta ƙasar Ingila, mutum 7 suka rasu. Bincike ya gano cewa notunan wurin sauya layi sun kwance.

Malamai na iya gwada wannan darasi a makaranta. A rataye sandar ƙarfe guda da igiya a buga ta, kamar ƙararrawa. Sannan a rataye guntaye biyu da aka haɗa da noti, su ma a buga. Ɗalibai su saurari wadda ƙararta ta fi saurin mutuwa. Daga nan a sassauta notin da sufana, a sake bugawa, za a ji ƙwaramniya maimakon amo.

Saboda haka, mai tanki ko injin a gida ya riƙa duba notunansa kafin iskar farkon damina. Garin tsatsa ja da ke fitowa daga mahaɗa alama ce cewa ƙarafan sun fara zamewa, lokacin ɗaurewa ya yi.